Turken Ƙarfe A Gonar Kawu

Akwai wata sanarwa da na karanta a rediyo safe da rana da dare har tsawon mako biyu, wadda har yau ba ta bar ni na sake ba. Ta ce za a ja babbar wayar lantarki ta wasu garuruwa, an ajiye rajista a ma'aikatar magajin gari, duk mai ƙorafi ya je ya rubuta. Da Faransanci ta iso, ni na mayar da ita Hausa, har ina jin daɗin yadda na tsara ta. Cikin sunayen garuruwan akwai garin su mahaifiyata. Na karanta shi kamar sauran, na wuce zuwa sanarwar ɓatan akuya.

Da kaka ta yi na je gida. A tsakiyar gonar Kawu na tarar da ƙafafun siminti huɗu, an dasa dogon turken ƙarfe a kansu, ga kututturan gawo biyu a gefe.

Na ce, "Kawu, ba ku ji sanarwa ba? Ai ni na karanta ta."

Ya ce, "Na ji muryarka mana, ɗana. Ka ce waya za ta bi ta garinmu. Ba ka ce ta gonata ba."

Ya je taron da aka yi a ƙofar maigari. Baƙin sun zo da taswira, sun yi bayani, an raba lemo, kowa ya dangwala yatsa a takardar halarta. Amma tun kafin ranar an riga an kafa ƴan sanduna masu jan fenti a gonaki. An biya shi diyya, kuma bai ce an ci haƙƙinsa ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne: "Da sun tambaye ni, da na ce su matsa taku talatin yamma. Akwai fako a can, ko ƙaya ba ta fita."

Tun daga ranar nake juya tambaya ɗaya. Idan al'umma na bukatar abu, kuma dole ya bi ta kan dukiyar wani, me mai dukiyar ke bin mu bayan kuɗi?

Ba na cikin masu cewa a bar kowa da gonarsa ko da ƙasa za ta kwana cikin duhu. A Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki. Mun ga abin da ya faru a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarmu daga can take zuwa. Sai a watan Maris na 2024 aka mayar da ita. A tsakani, masu walda, masu niƙa, masu sayar da ƙanƙara sun ɗanɗana kuɗarsu. Wayar da ta taso daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, da wadda ta taso daga Katsina ta shigo ta Gazawa, duk ta gonakin mutane suka ratsa. Da kowane manomi yana da ikon cewa a'a a tsaya, da ko ɗaya ba a ja ba. Malamanmu ma sun yarda ana jure cutar da ta shafi mutum ɗaya don kawar da wadda ta shafi jama'a.

Sai dai malaman nan sun ruwaito wani labari da nake ganin mun fi bukatarsa. Lokacin da Sayyadina Umar ya tashi faɗaɗa masallacin Madina, gidan Abbas, baffan Manzon Allah (SAW), yana cikin wurin da ake so. Abbas ya ƙi sayarwa. Halifa guda, kuma don masallaci, amma bai aika an rushe ba. Suka kai maganar gaban Ubayyu ɗan Ka'ab, ya ba Abbas gaskiya. Da aka tabbatar masa da haƙƙinsa, sai Abbas ya ba da gidan kyauta. Masallaci ya samu filin da yake nema, ƙarshen maganar bai sauya ba. Abin da ya sauya shi ne hannun da ya miƙa gidan. Wanda aka karɓe wa da wanda ya bayar, duka sun rasa gida, amma ba irin barci ɗaya suke yi ba.

A takarda, dokokinmu ba su yi sake da wannan ba. Dokar karɓar fili don amfanin jama'a ta 1961, wadda aka gyara a 2008, ta tanadi a yi binciken jin ra'ayin jama'a, a kuma biya diyya ta adalci kafin a karɓa. Kundin dokokin karkara na 1993 ya ba gonar gado kariya daidai da mai takarda. Matsalar tana wajen lokaci da harshe. Ana zuwa wurin mutane bayan injiniyoyi sun gama zane, an ƙiyasta kuɗi, an ba da kwangila. A wannan gaɓar, me tambaya za ta iya sauyawa? Ga kuma rajistar da ke jiran rubutun boko, a garin da sai an hau kabu-kabu a je, daga mutumin da ke tsakiyar noman farko.

Na san wannan salon sarai, domin sana'ata ce. A shirin da masu sauraro ke bugo waya, ni ke zaɓar maudu'i, ni ke ba da minti ɗaya, yatsana yana kan maɓalli. Mutum zai yi magana har ya huce, in ce mun gode Alhaji, in ɗauki na gaba, shirin ya ƙare yadda na tsara shi tun safe. An ba shi dama, babu mai musu. Amma ba a shawarce shi ba, domin babu abin da zai faɗa da zai kautar da ni ko da taƙi ɗaya. A ganina ma'aunin ke nan: shawara ta gaskiya ita ce wadda mai nemanta ya shigo da yiwuwar ya fita da wani ra'ayi. In babu wannan, sanarwa ce aka yi mata rawani.

Sannan wa ake kira mai gona? A ƙarshen gonar Kawu akwai gamanar matarsa, inda take shuka gyaɗa da yakuwa. Akwai maƙwabcin da yake noma wani yanki da aro shekara da shekaru. Akwai makiyayan da ke jiran rani awakinsu su ci ƴaƴan gawo. Sunan mutum ɗaya ya shiga takarda, matan kuwa suna bayan danga lokacin taro. Itatuwan ma ba daga sama suka faɗo ba. Tun shekarun 1980 manoman jahar Maradi da Damagaram ke renon tohon itace a gonakinsu, abin da muke kira sassaben zamani, har ana ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo da hekta miliyan 5. Gawo yana zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya kuma taki ƙasa. Mutum ya reni itace shekara ashirin, an sare shi kafin azahar, an duba jadawali an ce ga farashinsa.

Na taɓa kawo maganar ga wani injiniya da muka yi hira da shi, kuma bai rasa hujja ba. Ya ce duk inda layi ya karkata sai an kafa turke mai ƙarfi da tsada fiye da na miƙaƙƙen layi, kuma in ka matsa daga gonar wani, gonar wani ka faɗa. Ya ƙara da cewa in aka bayyana hanya da wuri, kafin wata ya kama za ka ga bukkoki sun tsiro a kanta, kowa na jiran diyya. Na yarda ana yin haka, mu ma ba mala'iku ba ne. Amma maganin wannan sananne ne: a tsayar da ranar ƙidaya, abin da aka gina bayanta babu diyya. Tsoron ƴan damfara biyar bai isa a mayar da gari guda abin zargi ba. Kuma ba kowace buƙata ce ke neman karkatar da layi ba. Matsar da turke gaba ko baya kaɗan a kan layin nan nasa, jinkirta aiki har a cire amfanin gona, bin gefen gona da mota maimakon tsakiya, duk abubuwa ne da manomi ya fi taswira sani. Wanda aka ƙi wa buƙata kuma, a gaya masa dalili da harshensa, a gaban mutane.

Akwai sauran abu ɗaya mai ciwo. Wayar da ke ratsa gonar Kawu tana da ƙarfin da ba a sauke ta a gida sai da tashar rage ƙarfi, don haka wuce su take yi. Da dare ana jin zizarta, shi kuwa yana biyan dala goma a caja masa salula a shagon mai sola. Na ji daɗi da na ga a babban layin kilobolt 330 da aka tsara ya haɗa Birnin Kebbi da Yamai da Wagadugu, da reshe zuwa Benin, an sanya ba garuruwan gefen layi wuta cikin tsarin. Wanda ya ɗauki nauyin abu a bayansa ya cancanci ya ɗanɗana shi.

Watannin baya wata sanarwar irin wannan ta sake zuwa teburina, ta wasu garuruwan dabam. Na tambaya ko akwai taswira, aka ce babu, minti ɗaya da rabi aka biya. Na karanta ta yadda take. Washegari a shirina na buɗe layi, na ce duk wanda ya ga sanda mai jan fenti a gonarsa ya bugo. Mutum na uku da ya kira wata tsohuwa ce. Ta ce ita ba gona gare ta ba, kuka ce, kuma da kuɗin miyarta take aurar da jikoki. Ta tambaye ni a wane layi na rajistar ake rubuta kuka. Mintinta ya cika, mai kula da na'ura yana ta yi mini alama, ban taɓa maɓallin ba.