Sabuwar Salula Mai Tsada: Ta Cancanci Kuɗɗinta?

Muna farawa da sunan Allah, Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore wa ɗan Adam ƙarfe da iska har muryarsa take ƙetare teku cikin ƙiftawar ido. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, wata tambaya ta yawaita a bakin matasanmu, har ma da waɗansu magidanta. Mutum yana da salula a hannunsa tana aiki, sai kamfani ya fito da sabuwa, wadda ita ce kan gaba a tsada da suna. Shin ya halatta ya canza, kuma canjin ya cancanci kuɗɗin da zai zuba?

Rabin farko na tambayar ba shi da wuya. Asalin kayan amfani halal ne, kuma addininmu bai hana musulmi ya mallaki abu mai kyau ba. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa wani mutum ya gaya wa Manzon Allah (SAW) yana son tufarsa da takalminsa su zama masu kyau, yana tsoron kada hakan ya zama girman kai. Manzon Allah ya kwantar masa da hankali, ya nuna masa cewa Allah yana son kyau, girman kai kuwa yana cikin ƙin gaskiya da raina mutane. Saboda haka babu malamin da zai ce maka iPhone haramun ce ko Samsung haramun ce. Wanda ya faɗi haka ya wuce gona da iri. Nauyin maganar yana rabi na biyu, kuma don mu auna shi sai mun fara da lissafi, domin da yawa daga masu sha'awar abin ba su taɓa zama sun ƙirga ba.

Kamfanin Apple na Amurka ya fito da iPhone ta farko a 2007. A 2017 ya fito da iPhone X a kan dalar Amurka 999, daga nan sauran kamfanoni suka gane cewa akwai masu biyan irin wannan kuɗɗi. Galaxy S24 Ultra ta kamfanin Samsung na Koriya ta Kudu ta fito a 2024 a kan dala 1,299. A Faransa, iPhone 16 Pro Max ta fara daga yuro 1,479 a shekarar 2024. Tun da sefarmu a ɗaure take da yuro, kowane yuro guda sefa 655.957, lissafin ya kama jikka 970 da ƴan kai, wato dab da miliyan guda, tun kafin a sa kuɗɗin dakonta da na duwan da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashi a ƙasarmu, wanda aka ɗaga zuwa jikka 42 a farkon 2024, in aka jera shi ba a taɓa ko dala ba, sai ya yi wata 23 kafin ya sayi wannan salula guda. Kowa a cikinku ya san kuɗɗin tiyar hatsi a kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram a wannan mako. Ku raba da kanku ku ga rumbu nawa ne mutum yake sawa a aljihun gaba.

To me ake samu a madadin wannan dukiya? A shekarun farko, tsakanin salular bana da ta bara akwai tazara ta gaske. Yanzu abin ya nuna, kamar yadda ɗan itace yake nuna ya daina girma. Abin da ake ƙarawa kowace shekara shi ne ɗan kaifin hoto, musamman cikin duhu ko daga nesa, da ɗan saurin inji, da hasken gilashi, da sabon launi. Wanda aikinsa kira ne da WhatsApp da sauraren karatu da aika kuɗɗi ba zai ga bambanci ba ko da an aza masa su biyu gefe da gefe. Ku dubi wannan: a 2023 Apple ya yi ta yabon manyan salulolinsa saboda an ƙera jikinsu da ƙarfen titaniyom, aka ce ya fi na da ƙarfi da rashin nauyi. A 2025 sai ya fito da iPhone 17 Pro da jikin alminiyom, aka sake yabo. Wanda ya bi talla ya saya sau biyu, kuma a kowane karo an ce masa ya yi dabara.

Akwai kuma abubuwan da ake biya ba a mora a nan. Ana tallata 5G, alhali a ƙauyukanmu da yawa mutum sai ya hau tudu ko ya nemi gindin wata bishiya kafin ya samu rezo na kira. Ana tallata basirar na'ura mai rubuta wasiƙa da taƙaita saƙo. Ta Apple da Ingilishi ta fara a 2024, Faransanci ya biyo baya a 2025, kai kuwa saƙonninka da Hausa kake aika su, yawanci ma da murya. Tun daga iPhone 14 a 2022, waɗanda ake sayarwa a Amurka ba su da ramin sa katin layi, sai layin da ake shigarwa ta na'ura, saboda haka wanda aka aiko masa daga can ya fara tambayar kamfanin layinsa ko zai iya ɗora masa. Apple ba shi da kanti nasa na kansa a Nijar. Ranar da gilashin ya fashe, mai gyara na bakin kasuwa za ka nufa, kuma kuɗɗin gilashin asali kaɗai yana iya sayen sabuwar Tecno ko itel. Mu ƙara da cewa salular miliyan da ta jikka goma, in mai ita ya manta bai kashe ba, ƙara ɗaya suke yi a cikin sahu, su ɓata wa liman karatu.

Kamfanonin da kansu sun ba da shaida a kan wannan magana. Google a 2023, da Samsung a farkon 2024, sun yi alkawarin ci gaba da sabunta manyan salulolinsu har shekara 7. Mai ƙera abu ya ce maka zai yi shekara 7, me zai sa ka yar da shi a shekara ta biyu? Abin da ke fara gajiya shi ne batir. Apple ya bayyana cewa batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta an yi shi ne ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan an cika shi an ƙarar sau 500, kuma zafi irin na watan Afrilu da Mayu a ƙasarmu yana gaggauta lalacewarsa. Sau da yawa wanda ke kukan salularsa ta tsufa batir kawai take buƙata. A watan Fabrairu na 2020 hukumar kula da ciniki ta Faransa ta ci Apple tarar yuro miliyan 25 saboda ya rage saurin tsofaffin saluloli masu gajiyayyen batir ba tare da ya sanar da masu su ba. Mutane da dama a lokacin sun zaci salular ce ta mutu.

Malamanmu sun daɗe da ba mu ma'auni. Imamu Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus wanda ya rasu a shekara ta 790 bayan Hijira, ya yi bayani a littafinsa Al-Muwafaƙat cewa maslahar ɗan Adam hawa uku ce: larura wadda rayuwa ba ta tsayuwa sai da ita, buƙata wadda rashinta ke jawo ƙunci, da ƙawa wadda ke ƙara wa rayuwa daɗi. Ba a ciyar da hawa na ƙasa da haƙƙin na sama. Salula a yau ta shiga sahun buƙata ga mafi yawanmu: ɗan kasuwa yana jin farashin Kano da Kwatano da ita, ɗan ci-rani yana aiko wa iyayensa kuɗɗi, ɗalibi yana ɗauke da littattafai. Amma tazarar da ke tsakanin salula mai biyan wannan buƙata da wadda ta kai miliyan, ƙawa ce zalla. Ƙawa halal ce ga wanda ya sauke abin da ke sama da ita.

Me ke sama da ita? Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya san babin ciyarwa: matar aure, da ƴaƴa ƙanana, da iyaye matalauta, ciyar da su wajibi ne. Abu Dawuda ya ruwaito gargaɗin Manzon Allah (SAW) cewa tozarta wanda ciyarwarsa ke wuyanka zunubi ne da ya ishi mutum. Mun ga gidajen da maigida ke riƙe da salular da ta fi babur tsada, ga takardar magani ta yi kwana uku a ƙarƙashin matashi ba a saya ba, ga yaro an koro shi daga lakkal saboda kuɗɗin wata. A irin wannan gida ba a buƙatar dogon bincike. Suratul Furƙani, aya ta 67, ta siffanta bayin Allah na gari da tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro wajen kashe dukiya, Suratul Isra'i kuma, aya ta 26 da ta 27, ta danganta masu almubazzaranci da shaiɗanu. Malamai sun ce ɓarna tana bambanta daga mutum zuwa mutum. Alhajin da ya fitar da zakkarsa, ya wadata iyalinsa, ya duba danginsa da maƙwabtansa, in ya sayi mai tsada ba mu da abin cewa. Haka wanda ɗaukar hoto da bidiyo ita ce sana'arsa, domin a wurinsa kayan aiki ce kamar keken tela. Akwai kuma wanda canji ya zame masa dole: a 2025 WhatsApp ya daina aiki a kan iPhone 5s da iPhone 6, kuma salular da aka daina sabuntawa tana zama ƙofa ga ɓarayin asusu. Sai dai wanda wannan ya sama, matsakaiciya ta ishe shi.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne hanyar da kuɗɗin ke fitowa. Wani ya kwashe adashinsa na shekara, wani ya sayar da tumakin mahaifiyarsa da sunan jari, wani ya ci bashi. Sayen kaya a biya kaɗan-kaɗan ya halatta a wurin jumhurun malamai, ko da farashin ya ɗara na hannu da hannu, muddin an yanke kuɗɗi ɗaya sananne da lokaci sananne tun wurin ƙulla ciniki. Amma in aka sa sharaɗin cewa duk watan da ka makara bashin zai ƙaru, wannan ita ce ribar da ƙarshen Suratul Baƙara ya yi shelar yaƙi a kanta. Ko bashin da babu riba a ciki ba abin wasa ba ne. Buhari ya ruwaito daga Salamatu ɗan Akwa'u cewa an kawo wata gawa, Manzon Allah (SAW) ya tambaya ko ana bin mamacin bashi, aka ce dinari uku, kuma bai bar abin biya ba. Bai sallace shi ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki bashin a kansa. Dinari uku ke nan. Yaya wanda zai kwanta da bashin jikka ɗaruruwa a kan abin da darajarsa ke raguwa tun ranar da aka yage ledarsa?

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, mafi yawan masu wannan canji ba hoto ne ya dame su ba. Idon jama'a ne. Ana son a ajiye ta a kan tabarma a wurin ɗaurin aure, bayanta a sama, a ƙirga idanun kyamara. Ku koma Suratul Ƙasasi, aya ta 79 zuwa ta 82. Labarin Ƙaruna ne da ya fito wa mutanensa cikin adonsa, amma ku lura da yadda ayoyin suka tsaya a kan ƴan kallo: masu burin duniya suka yi fatan samun irin nasa, masu ilimi suka tsawata musu, da ƙasa ta haɗiye shi sai masu burin jiya suka wayi gari suna godiya da ba a ba su ba. Ƙaruna ɗaya ne, ƴan kallo kuwa gari guda, kuma a cikinsu muka fi yawa. Wannan gasa ta shiga har cikin aure. Ana samun inda ake auna saurayi da irin salular da ya kawo wa yarinya, har ana lissafa ta cikin lefe. Ya ku iyaye, ku ne za ku tare wannan. Yarinyar da ta shigo gida da salular miliyan, uba bai saya ba, uwa ba ta saya ba, kuma babu wanda ya tambaye ta inda ta fito, wannan shirun za a yi tambaya a kansa. Tirmizi ya ruwaito cewa cikin abubuwan da za a tsayar da bawa a kansu ranar ƙiyama akwai dukiyarsa, kuma ita tambaya biyu gare ta, ta inda ta shigo da ta inda ta fita.

Saura magana ga wanda ya auna ya ga lalle zai canza. Ta bara, wadda farashinta ya sauka da fitowar sabuwa, tana yin kusan duk abin da sabuwar ke yi. In ta hannu za ka saya, ka nemi sanin asalinta, ka sa mai ita ya cire asusunsa a gabanka, domin iPhone da aka kulle da asusun wani ba ta buɗuwa, kuma sau da yawa irin wannan ta sata ce. Sayen abin da ka san ko ka yi zaton na sata ne taimakon ɓarawo ne. In kai ne mai sayar da tsohuwa, ko za ka ba da ita ka yi ciko, musayar ta halatta, amma wajibi ne ka bayyana aibinta: in an canza gilashi ka faɗa, in ta taɓa faɗawa ruwa ka faɗa, in batir ba ya kai la'asar ka faɗa. Ka goge hotunan iyalinka da saƙonnin mutane kafin ta bar hannunka, domin amana ne. Ƴan kasuwar salula kuma su tuna cewa wadda mutum ke amfani da ita babu zakka a kanta, amma waɗanda ke jere a kanti kayan ciniki ne: in shekara ta zagayo kuma dukiyar ta kai nisabi, a yi musu kuɗɗi da farashin ranar, a haɗa da abin da ke hannu, a fitar da ɗaya cikin arba'in.