A Fara Nuna Mana Bola, Sannan A Ci Tara

Duk wanda ya ratsa Miri ta titin Jos da damina ya san halin da kwatocinmu ke ciki. Ledar fiya wata, robar lemo, ɓawon rake, duk sun toshe hanyar ruwa. Ba aljanu suka zuba su ba, mu ne. Gara mu faɗi wannan tun farko, don kada wani ya ɗauka mun fito kare ƙazanta ne.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne abin da ya sami wata baiwar Allah mai suyar awara a bakin layinmu. Wasu ma'aikata suka tsaya a kanta, suka nuna tarin ledar da ke gefen kaskonta, suka yanka mata tarar da ta kusa cinye cinikinta na kwana biyu. Ta ce, "Ranku ya daɗe, iska ce fa ta kwaso su, kuma in na share ina zan kai?" Ba wanda ya amsa mata. Ta biya, ba a ba ta rasit ba. Tambayarta kuwa har yau tana nan.

Shin adalci ne a hukunta mutum kan laifin da ba a ba shi hanyar kauce masa ba? A ganinmu hukunci na hawa kan wanda yake da zaɓi ne. In akwai bola a kusa, ana kwashe ta a kan lokaci, mutum ya tsallake ta ya juye shara a kwata, to wannan a ci shi tara, mu ma za mu ce madalla. Amma unguwa irin tamu, da gari ya faɗaɗo ya cim mata, gidaje suka riga tsari zuwa, mafi yawanmu zaɓi uku gare mu: mu ƙona shara yara su shaƙi hayaƙi, mu ba almajiri ya kai inda ba mu sani ba, ko mu jira ruwan sama ya tafi da ita. Wanne ne a ciki ba laifi ba?

Wannan ba sabon abu ba ne. Iyayenmu mata suna ba da labarin duba-gari na zamanin Turawa, wanda zai shigo har tsakar gida ya leƙa randa, in ya ga tsutsar sauro sai sammaci. Manufar mai kyau ce, amma abin da ya zauna a zukata shi ne tsoro, da dabarar ɓarar da ruwa da zarar an hango shi. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta kawo yaƙi da rashin ɗa'a, wato WAI, a 1985 kuma aka ƙaddamar da ɓangaren tsaftar muhalli a Kano. Garuruwa sun yi fes na ɗan lokaci, ba musu. Sai dai rumfunan ƙananan 'yan kasuwa da masu tebur a bakin titi su suka fi shan rusau. Tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata da hukumar BASEPA ke jagoranta a Bauchi jikanyar wancan tsarin ce. A Legas ma an kai maganar kotu, inda a 2015 Babbar Kotun Tarayya ta ce babu dokar da ta ba da ikon tsare mutane a gida saboda shara, shekara guda bayan haka gwamnatin jihar ta soke tsarin.

Sai kuma batun wanda hannu ke iya kaiwa gare shi. Mai motar da ya sauke gilashi ya wurgo roba ya wuce da gudu, wa zai bi shi? Mai ginin da ya jibge yashi da ɓaraguzai a rabin hanya wata da watanni, ana gaishe shi ne. Mai awara kuwa tana zaune wuri guda, ba ta da lauya, ba ta da lambar kowa a waya. Kuma ko da an yanka musu kuɗi iri ɗaya, ba hukunci iri ɗaya aka yi musu ba: wani kuɗin katin waya ya rasa, wata kuwa jarinta. A ƙasar Finland tun 1921 suke auna wasu tarori da abin da mutum ke samu a rana, saboda wannan dalili.

Malamanmu ma ba su ɗauki cin tara da wasa ba. Sun yi saɓani a kan halaccin hukunta mutum ta hanyar karɓar dukiyarsa, kuma da yawa daga waɗanda suka hana, tsoronsu shi ne kada a buɗe wa azzalumai ƙofa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya ba Malam Yakubu na Bauchi tuta, ya soki sarakunan zamaninsa a Kitabul Farƙi kan ɗora wa talakawa kuɗaɗen da shari'a ba ta sani ba. Tarar da ba ta da rasit, ba a san dokar da ta kafa ta ba, ba a san aljihun da za ta faɗa ba, ina bambancinta da waɗancan?

Za a ce mana, ai Bahaushe sai da bulala, in aka jira sai an wadata kowa da bola ba za a taɓa hukunta kowa ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin mun san maƙwabtan da ko a ƙofar ɗakinsu aka ajiye kwandon shara, a kwata za su zuba. Amma ba a gane irinsu sai an ajiye kwandon.

Don haka a zaman da za a yi a ƙofar Mai Unguwa, mu je da buƙata a rubuce: a ware mana wurin zuba shara, a sanar da ranar da mota za ta riƙa zuwa, duk wanda aka ci tara a faɗa masa dokar kuma a ba shi rasit. Mu kuma mu ɗauki alkawarin yashe kwatar ƙofar gidajenmu kafin ruwa ya sauka. Ita dai mai awara ta sayi buhu ta ɗaure a jikin bencinta, tana tara ledar da ba ita ta yar ba. Jiya mun ga buhun ya cika.