ROMON KAZA DA ƘASHIN ALADE: GARGAƊI GA SAMARI MATAFIYA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya halatta mana abubuwa masu tsarki, Ya haramta mana ƙazanta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwana samari, dalilin wannan wa'azi tambaya ce daga wani ɗalibinmu da ya tafi karatu ƙasar Jafan. Ya ce wata rana da sanyi abokan karatunsa suka ɗauke shi zuwa wani shagon ramen da ya yi suna, har mutane na bin layi a waje. Ramen taliya ce da ake zubawa cikin romo mai zafi, ita ce asalin irin su Indomie da kuka sani, domin a Jafan aka fara busar da ita a leda a 1958. Abokan suka ce masa romon kaza ne. Ya sa kuɗi a na'urar bakin ƙofa, ta ba shi tikiti, ya zauna aka kawo masa kwano. Ya ga yankan nama a kai, ya tsame ya ajiye gefe, ya ce Bismillahi, ya shanye romon tas. Sai bayan kwana biyu ya ji cewa ƙashin kaza da ƙashin alade ake haɗawa a tukunya ɗaya. Ya ce, "Malam, ina matsayina? Kuma idan na koma na riƙa tsame naman, ya halatta?"

ABIN DA KE CIKIN TUKUNYA

Kafin hukunci sai an san abin da ake yi wa hukunci. Akwai romon da suke kira tonkotsu, watau ƙashin alade, wanda asalinsa daga garin Kurume ne a jihar Fukuwoka, tun 1937. Ana tafasa ƙasusuwan sa'o'i masu yawa da wuta mai ƙarfi, har ɓargo da kitse da guringuntsi su narke, ruwan ya yi fari ya yi kauri kamar madara. Akwai kuma wanda ake kira iekei, da ya fito daga Yokohama a 1974, shi ne mai haɗa ƙashin alade da na kaza, a zuba man kaza a sama. Yankan naman nan da ake ɗorawa, chashu, galibi na alade ne. Sannan akwai ruwan ɗanɗano na waken suya da ake fara zubawa a gindin kwano, sau da yawa da giyar shinkafa a cikinsa, wani lokaci ma a cikinsa aka dafa naman.

To, jama'a, wanda ya tsame yanka ɗaya, me ya tsame? Aladen yana cikin ruwan. Kaurin nan da ake yabo, da maiƙon da ke manne wa leɓe, shi ne aladen.

HUJJA DAGA LITTAFI DA SUNNA

Allah Ya haramta naman alade a wurare huɗu a Alƙur'ani: Baƙara aya ta 173, Ma'ida aya ta 3, An'am aya ta 145, da Nahli aya ta 115. A An'am Ya kira shi ƙazanta. Malamai sun haɗu a kan cewa kitsensa yana bin hukuncin namansa, haka ɓargo da romo.

Buhari ya ruwaito daga Uwar Muminai Maimunatu (R.A.) cewa an tambayi Annabi (S.A.W.) game da ɓeran da ya faɗa cikin man shanu, ya yi umurni a jefar da shi da abin da ke kewaye da shi, a ci saura. Malamanmu na Malikiyya suka ce wannan idan man daskararre ne. Idan narkakke ne, duka ake zubarwa, haka yake a Risala. To, idan ɓera guda da ya faɗa bisa tsautsayi ya ɓata narkakken mai, ina ga ƙashin da aka zuba da gangan, aka wuni ana tafasawa?

Sahabi Abu Sa'alaba (R.A.) ya yi tambaya a kan tukwanen Ahlul Kitabi, a ruwayar Abu Dawuda ya ambaci cewa suna dafa alade a ciki. Annabi (S.A.W.) ya umurce shi da ya nemi wasu, idan bai samu ba ya wanke su sannan ya yi amfani da su. Tukunyar da babu kome a ciki ke nan an ce a wanke, balle abin da ke cikinta.

UZURORI UKU DA AMSARSU

Na ɗaya: "Ai na yi Bismillahi." Masu faɗin haka suna kafa hujja da hadisin A'ishatu (R.A.) na mutanen da ake kawo wa nama ba su san ko an ambaci sunan Allah ba. Ku sani masu kawo naman nan Musulmi ne, sababbin shiga Musulunci, naman kuma na dabbar halal ne. Bismillahi ba ta mai da alade rago. Haka masu cewa a karanta kaza ƙafa kaza a tofa a kan abinci ya tsarkaka, su kawo mana aya ko hadisi. Babu. Wannan ƙari ne cikin addini.

Na biyu: "Ai kaza ta fi yawa." Ko da romon kaza ne zalla, wanda suke kira tori paitan, akwai sauran tambaya: wa ya yanka kazar? Yankan da Allah Ya halatta mana a Ma'ida aya ta 5 na Ahlul Kitabi ne, alhali kuwa yawancin mutanen Jafan addinin Shinto da na Buda suke bi.

Na uku: "Ai larura ce, ina baƙuwar ƙasa." Larurar da ayoyi suka faɗa ita ce yunwar da mutum ke tsoron halaka, ba ya da wani abin ci. Kai kuwa ga shinkafa, ga kifi, ga ƙwai, ga kayan lambu a kowane lungu. A Tokiyo ma akwai shagunan ramen na halal. Wanda ya wuce duk waɗannan ya je ya tsaya a layi, wannan kwaɗayi ne, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala.

HUKUNCIN ƊAN'UWANMU

Abin da ya sha cikin rashin sani babu zunubi a kansa, domin Allah Ya ɗauke laifin kuskure, ku duba Ahzab aya ta 5. Kada waswasi ya kama shi. Amma ya nemi gafara a kan sakacin tambaya, domin ganin yankan naman da bai yarda da shi ba ya isa ya sa shi ya tsaya. Komawa kuwa bayan ya sani, haramun ne, ko an tsame nama ko ba a tsame ba.

Ku ji abin tsoro. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) labarin matafiyi mai doguwar tafiya, ya yi buɗu-buɗu da ƙura, ya ɗaga hannu yana kiran Ubangijinsa, alhali cinsa da shansa haramun ne, Annabi (S.A.W.) ya nuna ta yaya za a amsa masa. Kai ɗalibi, kana nesa da iyayenka, ga jarrabawa a gabanka, da me ka dogara in ba addu'a ba? Za ka sayar da ita da kwanon romo?

ABIN DA ZA KU YI

Matambayi ba ya ɓata. Ku tambayi abin da ke cikin romo tun kafin ku sayi tikiti. Ku riƙe kalma ɗaya: a harshensu sunan alade "buta". Mu buta ta alwala ce, su kuwa idan ka ji buta, ja da baya. Haka tonkotsu da chashu. Ku karanta bayan ledar taliya kafin ku saya, domin garin ɗanɗanon ciki ma yakan ƙunshi alade. Ku nemi masallaci, kamar na Kobe da aka gina tun 1935, ko babban masallacin Tokiyo, 'yan'uwa za su nuna muku inda ake sayar da halal.

Kuma ku kyautata ɗabi'a. Mai shago bai yaudari kowa ba, abincin garinsu yake dafawa. Abokanka ma karamci suka yi nufi. Ka gaya musu tun da wuri abin da addininka ya hana, ba zagi ba ɓata fuska, ka gayyace su shagon halal ka biya musu. Mai yiwuwa wannan ya zama sanadin da wani zai fara tambaya game da Musulunci.

Allah Ya tsarkake cinmu da shanmu, Ya karɓi addu'o'inmu, Ya tsare 'yan'uwanmu da ke baƙin wurare, Ya dawo mana da su da imaninsu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.