Ladan kuturu da kujerar alƙali

Masu iya magana sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan ɗan siyasa ne ya ɗora alƙali bisa kujera, shin alƙalin ya ci lada ke nan, har ana jiran ya yi askin? Abin da ya faru a Amurka game da zubda ciki ya maido da wannan tambaya a gaban duk mai tunani kan adalci.

Kotun Ƙolin Amurka tana da alƙalai 9. Shugaban ƙasa ke gabatar da suna, majalisar dattawa ta amince, alƙali kuma ya zauna har mutuwa ko murabus. Manufar wannan tsari ita ce a raba shi da tsoro da kwaɗayi, bisa koyarwar Montesquieu, wanda ya nuna tun 1748 cewa babu ƴanci inda ikon shari'a ya haɗe da ikon mulki.

A 1973, cikin shari'ar Roe da Wade, alƙalai 7 daga cikin 9 suka yanke cewa kundin tsarin mulki ya kare ikon mace ta zubda ciki kafin ɗan tayi ya iya rayuwa a wajen mahaifa. Masu adawa da hukuncin suka gane cewa gyaran kundin abu ne mai wuya, canza alƙalai ya fi sauƙi. Sannu a hankali naɗin alƙali ya koma alkawarin yaƙin neman zaɓe. A 1986 dattawa 98 suka amince da Antonin Scalia ba tare da ƙuri'ar ƙi ko ɗaya ba. A 1993 Ruth Bader Ginsburg ta samu 96. A 2020 kuwa Amy Coney Barrett ta wuce da 52 a kan 48.

Da Scalia ya rasu a watan Fabrairu na 2016, shugaban masu rinjaye a majalisa, Mitch McConnell, ya ƙi a saurari Merrick Garland, wanda Barack Obama ya gabatar, da hujjar cewa shekarar zaɓe ce, a bar jama'a su zaɓa. Da Ginsburg ta rasu a watan Satumba na 2020, majalisar nan dai ta tabbatar da Barrett saura kwana 8 a yi zaɓe. Alƙalai 3 Donald Trump ya naɗa, kuma dukkansu suna cikin 5 da suka rushe hukuncin 1973 ranar 24 ga Yuni 2022, a shari'ar Dobbs. Tun daga nan kowace jiha ke tsara dokarta: abin da aka halatta a Kalifoniya an haramta shi a Tekzas.

Kowane ɓangare yana da hujja mai nauyi. Masu murna sun ce rai ne ake magana a kai, kuma alƙalan 1973 sun ƙwace batun da ya kamata wakilan jama'a su yanke. Masu baƙin ciki sun ce akwai haƙƙoƙin da ba a kai su akwatin zaɓe, kuma matalauciya ce za ta sha wuya, tunda mai hali tana iya tafiya wata jiha. Wannan gardama ta lamiri ce, ba kotun da za ta kashe ta.

Sai dai maganar hanyar da aka bi dabam take. Kalmomin kundin da aka dogara da su ba su canza ba tsakanin 1973 da 2022. Masu karanta su ne suka canza. Mutum yana iya ƙin zubda ciki har cikin zuciyarsa, kuma ya ga aibin mudu biyu, ɗaya na 2016, ɗaya na 2020. Ƙarfin kotu bai wuce wannan ba: wanda aka kayar ya yarda cewa da hujjarsa ta fi, da ya yi nasara. Ranar da aka iya sanin hukunci ta hanyar ƙirga wanda ya naɗa kowane alƙali, kotu ta zama majalisa ta uku, wadda ba a zaɓa ba kuma ba a iya saukewa.

Ba dole ba ne alƙali ya biya bashin naɗi. A 1992, cikin shari'ar Casey, alƙalai 5 da suka riƙe tushen hukuncin 1973 duk shugabannin jam'iyyar Rifablikan ne suka naɗa su. Ko sun yi daidai ko sun yi kuskure, sun nuna cewa godiya ga mai naɗi tana ƙarewa a bakin ƙofar kotu.

Wanda ya yi nasara ta hanyar cika kujeru ya koya wa abokin hamayyarsa dabarar, kuma mulki juyawa yake yi. Haƙƙin da ƙuri'a 5 ta rushe jiya, wata ƙuri'a 5 tana iya tayar da shi gobe, ta kuma taɓa wani da masu murnar yau suke ji da shi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.