Wanda Hanya Ta Haɗa Ku, Me Yake Bin Ka?

Masu doguwar tafiya a kan babur, irin waɗanda ke tasowa daga Turai su nufo Afirka ta Yamma, suna da wata ƙa'ida da ba a rubuta ta a ko'ina ba. Idan ka hangi mai babur ya tsaya a gefen hanya, ba ka wucewa. Za ka rage gudu, ka tsaya, ka tambaye shi ko lafiya. Ko ba ku jin yaren juna, hannu zai yi magana. Wataƙila faci ya yi, wataƙila mai ne ya ƙare, wataƙila kuma fitsari kawai ya tsaya yi, sai ku yi dariya kowa ya kama gabansa. Har gaisuwarsu gare su: in sun yi kiciɓis a kan kwalta sai kowa ya sauke hannun hagu ya nuna yatsu biyu, a Faransa kuma in mota ta matsa ta ba su hanya sai su miƙe ƙafa, godiya ke nan.

Sai mutum ya san hanyar tukun zai gane dalilin wannan ƙa'ida. Matafiyi zai tsallako teku daga Sifen a jirgin ruwa ya sauka Tanja, ya bi gaɓar tekun Maroko ya yi ta gangarowa kudu har ya shiga Yammacin Sahara, inda za ka yi tafiyar awa guda ba ka ga gida ba, sai yashi ta hagu, teku ta dama, da iskar da ke neman ture ka daga kan mashin. A Gargarat ake fita hannun Maroko. Kafin a kai shingen Muritaniya akwai wani fili na 'yan kilomitoci da ba ya hannun kowa, wanda aka daɗe ana gargaɗin matafiya kada su kauce wa sawun da ke cikinsa saboda nakiyoyin da aka binne zamanin yaƙi. Daga Nuwadibu zuwa Nuwakshot kuwa tafiyar ta haura kilomita 400, gidajen mai kuma ba su da yawa. Mai mota yana da rufi, yana da wurin ajiye jarkoki. Mai babur jikinsa ne rufinsa. In ya faɗi a cikin yashi da kaya niƙi-niƙi, ɗaga mashin ɗin ma shi kaɗai aiki ne.

Shi ya sa a bakin iyaka ko a gidan mai na ƙarshe za ka ga mutum biyu ko uku da ba su taɓa ganin juna ba sun tsaya suna kallon tayoyin juna. Ina ka nufa? Dakar. Ni ma can. To mu tafi tare. Shi ke nan, an zama ayari. Za su raba ruwa, su raba sifana da famfo, su kwana ɗaki ɗaya don rage kuɗi, wani ya tsare kaya wani ya shiga layin buga fasfo. Bayan kwana uku ko biyar a zo mararraba, wannan ya yi Bamako, wancan ya yi Banjul, ƙila har abada ba za su sake haɗuwa ba.

To, mene ne wannan mutumin a wurinka? Ba jininka ba ne. Ba maƙwabci ba ne, balle ka ce gobe za ku haɗu a wurin suna ko jana'iza. Ba abokin ciniki ba ne. Sunansa na biyu ma ba ka sani ba. Amma ka ba shi rabin ruwanka a inda ruwa yake daidai da rai.

Akwai masu cewa ai wannan ba wani abin yabo ba ne, lissafi ne kawai, ba ni gishiri in ba ka manda. Ka taimake shi yau don ya taimake ka gobe. Akwai gaskiya a ciki, ba na musu. Sai dai lissafin ba ya cika. Wanda ka tsaya ka yi wa faci a hamada, sau da yawa ba hanyarku ɗaya ba, shi arewa ya nufa kai kudu. Babu goben da zai rama maka. Kuma babu wanda ya gan ku, balle a ce kana neman suna. Mu da muka saba da biki, inda ake rubuta abin da kowa ya kawo don a mayar masa ranar nasa, ya kamata wannan ya tsaya mana a rai. Bashin hanya ba ya komawa hannun wanda ya bayar. Wanda aka yi wa faci a Muritaniya sai dai ya biya wani daban a Gini, wanda shi ma bai san asalin bashin ba.

A ranar 11 ga Disamba 1934 wasu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka tashi daga Landan a kan babur ƙirar Panther mai akwatin fasinja a gefe, da ƙaramar tirela a baya. Suka ratsa Sahara ta Tamanrasset, injin ya lalace kafin su kai Agadas, suka yi makonni a garin suna jiran kayan gyara, sannan suka biyo ta Kano, suka isa Cape Town a Afirka ta Kudu ranar 29 ga Yuli 1935. Sunayensu biyu tarihi ya riƙe. Amma babur ba ya kai kansa Agadas da mataccen inji, kuma baƙo ba ya yin makonni a gari sai da mai ba shi ruwa da wurin kwana. Waɗannan mutanen su ma suna cikin tafiyar, ko da ba su hau babur ba. Wani abin lura kuma, da matan suka kai ƙarshen hanya, Theresa ta koma gida a jirgin ruwa, Florence ta juya arewa a kan babur ba tare da ita ba. Wata bakwai da rabi suna cin ƙura ɗaya, amma da tafiyar ta ƙare, tarayyar ma ta ƙare.

Wannan rabuwar ita ce inda maganar take da nauyi, don tsayawa a yi wa mutum faci abu ne mai sauƙi, minti talatin ne. Abin da ke gwada mutum shi ne jira. A ce kun haɗu ku uku. Kwana biyu da fara tafiya sai ka gane ɗayanku ba ya iya gudu, ko mashin ɗinsa kullum cikin tari yake, ko shi mutum ne mai son tsayawa ɗaukar hoto a kowace bishiya. Kai kuma bizarka kwanakinta ƙidayayyu ne, guzurinka yana raguwa, damina tana tafe. Ka ce masa "mu tafi tare" a gidan mai. Wannan kalmar alkawari ce? In alkawari ce, har zuwa ina?

Wasu za su ce ai ba ka ɗaura masa aure ba, ka murɗa mashin ɗinka ka yi gaba. Wasu za su ce tunda kun ci abinci a kwano ɗaya, ba ka da ikon barinsa ko da za ka rasa taka tafiyar. Ni dai ina ganin duka biyun sun kauce, kuma kakanninmu fatake sun riga sun warware wannan tun kafin a ƙera babur. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro yana da madugu, yana da jagaba mai shigewa gaba, kuma tafiyarsa daga zango ne zuwa zango. Tsakanin zango biyu ba a barin mutum, ko jakinsa ya gurgunce, don barinsa a daji daidai yake da miƙa shi ga 'yan fashi ko kura. Amma in an sauka a zango, inda akwai ruwa da mutane da mai masauki, wanda ba zai iya ci gaba ba yana iya tsayawa ya jira wani ayarin, ba kuma wanda zai ce an ci amanarsa.

Haka nake ganin haƙƙin abokin hanya. "Mu tafi tare" alkawari ne, amma iyakarsa zango na gaba. In ka bar shi tsakanin Nuwadibu da Nuwakshot da mataccen inji, ka yi ha'inci, ko da ba ka taɓa rantse masa da komai ba. In kun kai gari, ka raka shi wurin makanike, ka tabbatar yana da wurin kwana, sannan ka dube shi ido da ido ka ce gobe ni zan wuce, ba ka yi laifi ba. Abin da ya fi muni, kuma shi mutane suka fi yi saboda kunya, shi ne sulalewa da asuba mutum yana barci. Kunyar faɗin gaskiya ta minti ɗaya ta sa ka bar shi ya farka yana tunanin ko wani abu ya same ka. Malamanmu ma sun karantar da mu cewa a aya ta 36 ta suratun Nisa'i, cikin waɗanda aka yi umarnin a kyautata musu tare da iyaye da maƙwabta, akwai aboki na gefe, wanda malaman tafsiri da dama suka fassara da abokin tafiya. Ba a ce sai ka san asalinsa ba.

Sai dai akwai wani ɓangare na wannan zumunci na masu babur da ba ya yi mini daɗi. Wa ake ɗauka abokin hanya? Sau da yawa da ido ake ganewa: babban mashin, akwatunan ƙarfe a gefe, hular kwano mai tsada, fasfon da ke buɗe kowace ƙofa. A wannan hanyar ta Muritaniya da Maroko akwai wasu matafiyan da suka nufi arewa, samari daga Gini da Mali da Senegal da Nijeriya, masu neman tsallakawa Turai. Rana ɗaya ke dukan su duka, shinge ɗaya suke tsayawa. Ɗaya ana ce masa mai yawon buɗe ido, ɗaya ana ce masa baƙon haure. In zumuncin hanya bai wuce tsakanin masu manyan babura ba, to ƙungiya ce kawai ta masu hali, irin kowace ƙungiya.

Abin ya zo har ƙofar gidanmu. A 2022 wani ɗan Nijeriya, Kunle Adeyanju, ya taso daga Landan ranar 19 ga Afrilu a kan babur don tara kuɗin yaƙi da cutar shan inna, ya biyo wannan hanya ta Maroko da Muritaniya, ya shigo Legas ta iyakar Seme ranar 29 ga Mayu. Masu manyan babura suka fita tarbarsa, aka yi masa rakiya, kuma ya cancanta, don ba ƙaramin aiki ya yi ba. Kwana uku bayan haka, ranar 1 ga Yuni, dokar hana acaba ta fara aiki a ƙananan hukumomi shida na Legas. Taya biyu ne nan, taya biyu ne can. Yaran da dokar ta shafa, da yawansu namu ne, wasu ma daga Nijar suka zo, sun yi kwana biyu a bayan tirela tare da mashinansu kafin su iso Kudu. Ba ina cewa gwamnati ba ta da hujjarta ba ne, wannan wata magana ce daban. Ina nuna yadda ido ke zaɓen wanda zai kira matafiyi ne.

Mu kuma fa? Unguwar nan tamu ta Sabo, tun da aka kafa ta a 1916, da baƙi aka gina ta. Mai gida yana saukar da falke da bai taɓa gani ba, ya ba shi ɗaki, ya adana masa kuɗi, ya tsaya masa a cinikin shanu ko goro. Duk wanda ke karanta wannan mujalla, ko shi ko ubansa ko kakansa, wata rana ya sauko daga mota da ƙullin kaya bai san kowa ba. Yanzu in yaro ya sauka da mashin, tambayar farko da muke yi ita ce ɗan wane gari ne, wa ya sani. In bai ambaci sunan da muka sani ba, sai mu ɗauke kai.

Na san abin da za a ce, kuma gaskiya ne: zamani ya lalace, ba kowane baƙo ne na Allah ba, an sha saukar da mutum ya zame wa unguwa masifa. Su ma masu doguwar tafiyar ba wawaye ba ne. Mutum zai raba ruwa da kai amma fasfonsa da kuɗinsa suna jikinsa ko barci yake. Zai bi ka a hanya amma yana lura da yadda kake tuƙi, da yadda kake yi wa yaron gidan mai magana, don wanda ya wulaƙanta mai zuba masa mai, gobe kai zai wulaƙanta. Taka-tsantsan bai hana su tsayawa ba, tsayawa kuma ba ta hana su taka-tsantsan ba. Ana iya ba yaro tabarma a zaure da kwanon tuwo na kwana uku, a kai shi gaban Sarkin Hausawa a san da zamansa, ba tare da an damƙa masa makullin shago ba.

In masu babur biyu suka haɗu, ɗaya daga kudu ɗaya daga arewa, ba su da abin da za su yi tare, ko kilomita ɗaya ba za su yi a jere ba. Duk da haka sai sun kashe inji. Na kudu zai ce gidan mai na gaba babu mai, ka cika jarka a nan. Na arewa zai ce in ka kai kogin Senegal, mashigar Diyama ta fi ta Rosso sauƙin hayaniya, amma hanyarta ƙasa ce, kada ka bi ta in an yi ruwa. Wani ya ciro ragowar kuɗin ƙasar da ya baro, waɗanda ba su da sauran amfani a wurinsa, ya musanya da na ɗan'uwansa. Wani ya ba da layin wayar da ya gama da shi. Sai a sa hular kwano, a tayar da inji, kowa ya bi inda ɗayan ya fito.