Dare mahutar bawa: shin ana sayen hutu a kwalba?

Hausawa sun ce dare mahutar bawa. Karin maganar ta samo asali ne daga zamanin da mutum yakan mallaki ɗan'uwansa mutum, amma duk da munin wancan zamani, ya san iyaka guda: ubangida yana da iko da wunin bawansa, idan rana ta faɗi kuwa sai ya sakar masa dare. Ko wanda bai mallaki kansa ba, an yarda ya mallaki barcinsa. Tambayar da muke son mu aza gaban malamai da shugabannin ƙungiyoyi ita ce: ɗan wasan ƙwallon ƙafa na yau, wanda ɗa ne, yana da wannan dare kuwa? Idan kuma ya rasa shi, ya dace a mayar masa da shi cikin ƙwayar magani?

Abin da ya tayar da tambayar shi ne wani sinadari mai suna melatonin, wanda ake sayarwa a Amurka da Turai don taimaka wa barci, ƴan wasanni kuma suna shan sa bayan wasan dare ko doguwar tafiya a jirgi. Abin da manyan ƴan wasa suka yi a can kuwa ba ya daɗewa yake isowa, ta wayar salula, kunnen yaran da ke buga ƙwallo a filayen Bukoki da Yantala da Gamkale. Gara malami ya san amsarsa tun kafin almajiri ya tambaya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Zakaran da ke shelar dare

Jiki ne da kansa yake yin melatonin. A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu da bai wuce ƙwayar shinkafa girma ba. Idan duhu ya shiga, ƙullutun yakan fara zuba sinadarin cikin jini, ya yi ta ƙaruwa har tsakar dare, sa'an nan ya ragu da ketowar alfijir. Haske mai ƙarfi, na fitila ne ko na fuskar waya, yana danne shi. A 1958 ne wani likitan fata na jami'ar Yale a Amurka, Aaron Lerner, da abokan aikinsa suka fara tace shi daga ƙwaƙwalwar shanu.

Aikinsa irin na zakara ne, sai dai shi dare yake shela. Zakara ba ya fito da rana, sanarwa kawai yake yi. Haka melatonin yake gaya wa gaɓoɓi cewa lokacin kwanciya ya yi, amma gyaran jiki aikin barci ne. Ɗan wasan da ya yi gudun kilomita 10 ko fiye cikin minti 90, naman jikinsa yakan buƙaci kwana 2 zuwa 3 kafin ya koma daidai, kuma cikin barci mai nauyi ne jiki ya fi sakin sinadarin da ke gina tsoka.

To, me masu bincike suka gano? A 2013 an haɗa sakamakon bincike 19 da aka yi kan masu fama da rashin barci, aka ga melatonin yana rage jiran barci da kimanin minti 7, yana ƙara tsawonsa da kimanin minti 8. Inda amfaninsa ya fi fitowa fili shi ne wajen matafiyin da ya keta ƙasashe har agogon jikinsa ya rikice. Wani nazari na ƙungiyar Cochrane a 2002 ya nuna yana taimakon wanda ya tsallake bambancin awa 5 ko fiye. Sai dai mu lura: duk inda Mena za ta je wasa a Afirka, bambancin lokaci tsakaninta da Yamai ba ya wuce awa 3, tsakaninmu da Faransa kuwa ba ya wuce awa guda. Irin tafiyar da samarinmu ƴan ƙasa da shekara 17 suka yi zuwa gasar cin kofin duniya a Indiya a 2017, inda bambancin ya kai awa 4 da rabi, ita ce ta yi kusa da wannan ma'auni, ita kuwa ba kullum ake yin ta ba.

Game da ƴan ƙwallo su kansu, masana a Sfax ta Tunisiya sun gwada shi a kan ƴan wasa kaɗan, suka ga alamun lalacewar tsoka da ake aunawa a jini sun ragu bayan horo mai tsanani. Wannan abin lura ne, amma bai kai a ce ƙwayar tana ƙara gudu ko ƙarfin bugu ba. Wanda ya sha ta da rana ma kasala da gyangyaɗi yake jawo wa kansa. Barcin kansa kuwa shaidarsa ta fi ƙarfi. A wani bincike da aka wallafa a 2011, jami'ar Stanford ta sa ƴan ƙwallon kwandonta su riƙa kwana awa 10 na tsawon makonni, sai gudunsu ya ƙaru, saitinsu wajen jefa ƙwallo ya ƙaru da kashi 9 cikin 100. A 2014 wani bincike kan ɗalibai ƴan wasa a Kalifoniya ya nuna masu barcin ƙasa da awa 8 sun fi takwarorinsu jin rauni sau 1.7.

Maguɗi ne?

Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, wadda aka kafa a 1999, takan duba abu uku kafin ta haramta magani: yana ƙara ƙwazo, yana cutar da lafiya, ko yana saɓa wa ruhin wasa. Idan biyu suka tabbata, ana iya sa shi cikin jerin haramtattu. Melatonin ba ya cikin jerin, kuma hankali ya yarda da haka. Maguɗi shi ne ka shiga fili da ƙarfin da ba naka ba, ka ɓoye wa abokin karawarka. Wanda ya sha ƙwaya ya yi barci bai ƙwaci kome daga hannun kowa ba. Ƙafafun da ya kwanta da su, da su zai tashi.

Amma ana barin halas don kunya, ana kuma barin ta don tsoron abin da ke maƙale da ita. A 2017 masana a jami'ar Guelph ta Kanada sun auna nau'i 31 na melatonin da ake sayarwa, suka tarar wani bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka rubuta a kwalba ba, wani kuma ya ninka shi fiye da sau biyar, 8 daga ciki ma suna ɗauke da wani sinadari da ba a ambata ba. A 2024 an dakatar da Iga Swiatek ta Polan, wadda ita ce kan gaba a wasan tanis na mata lokacin da aka gwada ta, har tsawon wata guda, domin melatonin ɗin da ta sha ya gurɓata da wani haramtaccen maganin zuciya. Dokar wasanni ta ɗora wa ɗan wasa alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ya sani ko bai sani ba. Idan haka ta faru da mai likitoci da lauyoyi, a kan maganin da aka saya a kantin da hukuma ta amince da shi, ina ga yaron da zai saya a faifan mai talla, wanda ya wuni yana gasuwa a rana? Hukumar kiwon lafiyar abinci ta Faransa ma ta ba da shawara a 2018 cewa yara da matasa, da masu ciki ko shayarwa, su guje shi.

Wa ya ɗauke daren?

Nan ne zancen ya bar hannun likita ya dawo namu. Kafin a tambayi abin da zai sa yaro barci, ya kamata a tambayi abin da ya hana shi. A Yamai amsar ba ta ɓuya. Akwai zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ɗaki ya wuni yana shan rana ya kwana yana amayar da ita, wuta kuma ta ɗauke. Akwai sauro. Akwai fada, inda ake dafa shayi zagaye uku har dare ya raba. Akwai wasannin Turai da ake kallo da dare, da wayar da ke haska ido a kan tabarma. Akwai kuma ɗan wasan da ke sana'a da safe, ya yi horo da maraice, ko ya kwana a mota kan hanyar Yamai zuwa Damagaram, kilomita wajen 900, ya sauka ya shiga fili.

Wasu daga cikin waɗannan laifin yaron ne, amma da yawa ba nasa ba ne. Masaukin ƴan wasa, da lokacin tashi, da tazarar da ke tsakanin wasa da wasa, duk manya ne ke yanke su. Illar ƙwayar a nan ta ɗabi'a ce: takan ɗauki bashin da ke kan ƙungiya da iyaye da hukuma, ta mayar da shi matsalar jikin yaro shi kaɗai. Shugaban da ya miƙa kwalba yana iya jin ya sauke nauyi, alhali ya sa zakara ya yi shelar daren da ba a tanada ba. Ubangidan da ke cikin karin maganarmu ya fi shi adalci ta wannan fuska, domin shi dare sukutum yake bayarwa.

Akwai kuma abin da ƙwayar take koya wa zuciya. Mu mutanen kokowa ne, kuma tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975 idonmu ya saba ganin ɗan kokowa ya shigo da layu da guraye. Tunanin cewa nasara tana da wani asiri da ake ɗaurawa ko a haɗiya ya daɗe da mu, kwalbar Turai kuwa gurbin laya take samu a shirye. Ba a san melatonin da sa maye ba. Amma yaron da ya koyi cewa kowace gajiya tana da ƙwayarta, ya koyi darasin da mai sayar da tiramadol yake jira, mun kuwa ga abin da tiramadol ya yi wa samari a garuruwanmu.

Mai karatu yana iya cewa: wannan zancen mai kwana cikin sanyin na'ura ne. Ɗan talaka ba zai iya kashe zafin Mayu ba, ba zai iya sa ƙungiya ta hau jirgi ba. Idan ƙwaya mai sauƙin kuɗi za ta ba shi ko da minti 8, wa ya isa ya hana shi? Maganar tana da nauyi, kuma ba mu ce a hana ba. Baligin ɗan wasa da likita ya duba, ya rubuta masa ɗan kaɗan na ƴan kwanaki, ya saya a farmasi, ba shi da abin zargi. Sai dai a dubi lissafin da kyau. Minti 8 ake saye da kuɗi, alhali awa 2 ake zubarwa a fada kyauta, wani daren kuma a zubar da shi duka a kan hanya saboda ba a tashi da wuri ba. Tausayin da ya tsaya ga kwalba ya zaɓi mafi arahar taimako, ya bar mai wuyar.

Abin da ya rage gare mu

Malamin makaranta ya fi kowa ganin shaidar, domin a ajinsa ne ɗan wasan jiya yake gyangyaɗi. Matashi yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma ya kamata a koyar da wannan kamar yadda ake koyar da wanke hannu. Mai horarwa ya sa lokacin kwanciya cikin tsarin horonsa, ya tambayi yaro yadda ya kwana kafin ya tambaye shi sau nawa ya zagaya fili. Ƙungiyar da ke da kuɗin riguna masu lamba ta nemi kuɗin gidan sauro da katifa, ta kuma isa garin wasa kwana guda kafin ranar. Ƙungiyoyin al'adu kuwa, da ke da bakin magana da fadodi, su tuna wa samari cewa shayi na uku ba farilla ba ne ga wanda zai buga wasa gobe.

Mena ta doke Masar da ci 1 da nema a filin Seyni Kunce a Oktoban 2010, ta kuma je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013. Waɗanda za su maimaita wannan suna nan cikin unguwanni, suna girma, jiki kuwa da dare yake ginuwa. Mu ba su darensu tukuna. Wanda ya samu dare cikakke amma barci ya ƙi zuwa, sai a kai shi ga likita. Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin da ke kanmu.