Shaida a Kan Kayanka: Zargi Ne Ko Ƙauna?



Akwai wani ɗan kayan kiɗa da Turawa suke kira konsatina. Watakila ka taɓa ganinsa a hannun wani tsohon mai bishara, watakila kuwa ba ka taɓa gani ba, gama ba shi da yawa a ƙasarmu ta Adar. Yana da katako mai kusurwa shida a kowane gefe, da 'yan maɓallai, a tsakiya kuma da zugazugi kamar na maƙeri. In ka ja ka matsa, iska takan bi ta kan waɗansu harsunan ƙarfe a ciki, sai murya ta fito. Wani mutumin Ingila, Charles Wheatstone, shi ya ƙago shi wajen 1830. Da yake ba shi da nauyi, masu wa'azi suka riƙa tafiya da shi ƙasa ƙasa.

Wata shekara muka yi taron ikilisiyoyi na kwana uku. Mutum biyu suka zo da konsatina, wani dattijo da wani saurayi daga wani ƙauye arewa da Tahoua. Iri ɗaya ne, baƙaƙe, daga masana'anta ɗaya. Da dare aka ajiye su a ɗaki guda. Da taro ya watse kowa ya ɗauki ɗaya ya kama hanya. Saurayin ya isa gida, ya buɗe, ya tarar maɓalli ɗaya ba ya magana. Ya ce nasa lafiya lau yake sa'ad da ya ajiye shi, lalle dattijon nan ya musanya. Dattijo ya ce shi inda ya ajiye nan ya ɗauka. Magana ta kai kunnen matansu, ta kai kunnen 'ya'yansu. Damina biyu gidajen nan ba su gaisa ba.

Ina cikin dattawan da suka zauna a kan maganar. Muka jera kayan biyu a kan tabarma, muka juya su gaba da baya. Ba wanda ya iya nuna ko ɗan zane ɗaya ya ce, ga shaidata. Ƙwayar yashi guda in ta maƙale a harshen ƙarfe ta isa ta kashe murya, hanyar arewa kuwa ka san yashinta. Mai yiwuwa ne ba musanyar da aka yi. Amma mun kasa wanke dattijon, mun kuma kasa kwantar wa saurayin da rai.

A nan ne wani ya ce, daga yau kowa ya sa suna a kan nasa. Sai wani ɗan'uwa ya tashi da fushi, ya ce, “Ashe, ɓarayi muka zama ke nan? Tsakanin 'yan'uwa har sai an yi lamba?” Ba wawa ba ne mutumin nan. Mutane da yawa haka suke ji. Uwargida takan ji kunya ta zana kwanonta in za ta kai tuwo gidan suna, kada a ce tana zargin maƙwabta. Shi ya sa nake so mu auna tambayar tasa a hankali.

Ka tafi kasuwar dabbobi a Tahoua ko a Abalak, ka dubi raƙuma. Za ka ga shaidar wuta a wuya, ko a cinya, ko a kumatu. Buzaye sun san shaidar kowane gida kamar yadda ka san fuskar ɗanka. Fulani kuma sukan tsaga kunnen saniya, kowane dangi da irin tsagarsa. To, domin wa aka yi wannan? Ɓarawo ba ya tsoron shaida. Yakan kora raƙumi nesa, ko ya yanka saniya ya jefar da kunnen. Wanda shaida take yi wa amfani shi ne mutumin kirki da ya ga baƙon raƙumi a bakin rijiyarsa. Ya dubi wuya, ya gane gidan, ya aika da saƙo. In babu shaida fa? Ko ya kore shi ya ɓata a daji, ko ya riƙe shi, gobe a kira shi ɓarawo. A Littafin Maimaitawar Shari'a, sura 22, an umarci wanda ya tsinci dabbar ɗan'uwansa ya mayar masa da ita, haka kuma riga, da kowane abin da ya ɓace. Mai sa shaida yana sauƙaƙa wa maƙwabcinsa cika wannan umarni.

Ka tuna kuma da Yakubu a gidan Laban, a Farawa sura 30. Da za a yanka masa lada, shi da kansa ya roƙa a raba garke bisa ga launi, masu dabbare-dabbare su zama nasa. Ya ce duk wadda aka samu a wurinsa ba mai wannan kama ba, a ɗauke ta a kan ta sata ce. Ka lura, kansa ya ɗaure da wannan sharaɗi. Shaida takan nuna abin da yake naka, takan kuma tona ka in ka riƙe abin da ba naka ba. Wanda yake da niyyar cuta ba ya son haka.

Kakanninmu ba su sha wannan wahala kamar mu ba. Mai goge ya san gogensa, gama shi ya zaɓi ƙwaryar, shi ya ɗaura fatar. Ba gurumi biyu da suke daidai. Amma yanzu kaya daga masana'anta suke fitowa dubu dubu, kamar an tsaga kara. Ki dubi layin jarkoki a bakin famfo, 'yar'uwa, dukansu ruwan ɗorawa, dukansu lita 25. Sau nawa faɗa ya tashi a wurin, alhali ba ɓarauniya ko ɗaya a cikin matan? Samarinmu da suke cin rani a Abijan ko Libiya sun koyi wannan tuni. Ba wanda yake sa buhu a mota zuwa gida sai ya rubuta suna da gari da lambar waya a jikinsa, ba kuwa wanda yake cewa ya zagi direba.

Sauran magana ɗaya da ɗan'uwan nan ya kawo, ita ce mafi nauyi. Ya ce masu bi na fari a Urushalima sun haɗa kayansu wuri ɗaya, ba mai cewa nawa. Gaskiya ne. Amma a Ayyukan Manzanni sura 5 Bitrus ya tuna wa Hananiya cewa gonar tasa ce kafin ya sayar, kuɗin kuma yana hannunsa bayan ya sayar. Laifinsa ƙarya ce. Mutum ba ya iya yin kyauta da abin da ba a san nasa ba ne. Ka dubi habbanaye na Fulani. Mutum yakan ba matalauci aron saniya, ya sha nono, ta haihu sau biyu ko uku, 'yan maruƙa su zama nasa, sa'an nan uwar ta koma gida. Duk shekarun nan tsagar mai ita tana kunnenta. Tsagar ba ta hana alheri ba. Ita ce ma ta sa mai saniya ya saki hannu ba da fargaba ba. A ganina, mutanen da suka fi ƙin ba da aro su ne waɗanda aka taɓa mayar musu da abin da ba nasu ba.

Ban ce kowace shaida mai kyau ce ba. Akwai wanda yake rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a kan bencin da ya saya wa majami'a domin a gani. Wannan fahariya ce. Akwai wanda yake ɗora tasa shaida a kan ta wani, wannan kuwa sata ce da shaidar zur a haɗe. Akwai kuma mai yin ɗan zane a ɓoye, ba ya gaya wa kowa, yana jira ya kama wani. Wannan tarko ya ɗana. Shaidar raƙumi tana da ƙarfi ne domin dukan Azawak sun san ta. Saboda haka in ka sa taka, ka nuna wa mutum biyu ko uku tun ana zaman lafiya.

In kana da konsatina, ko akodiyon, ko wani abu irinsu, kada ka kai masa wuta yadda ake yi wa raƙumi, kada kuma ka taɓa zugazugin da wuƙa ko fenti, gama fata ce da kwali, in ta huje murya ta tafi. Ka rubuta sunanka a ƙarƙashin maɗaurin hannu. Ka sa a jikin akwati kuma, amma kada ka dogara ga akwati kaɗai, gama shi ma ana musanya shi. Ka nemi lambar da masu ƙira suka buga, sau da yawa tana gefe ɗaya ko a cikin katako. Gidan Wheatstone sun riƙa rubuta lambar konsatina da ranar sayarwa da sunan mai saye a littattafansu, littattafan kuwa suna nan a ajiye a gidan tarihi na Horniman a birnin Landan. Kai ma ka rubuta taka lamba a takarda, ka ba magatakardan ikilisiya ya ajiye. In kayan na ikilisiya ne, sunan ikilisiya za a sa, ba na mai kaɗawa ba.

Mutanen nan biyu sun shirya daga baya. Dattijon ne ya tafi ƙauyen, ya ce wa saurayin ya zaɓi wanda yake so a cikin biyun. Saurayin ya ji kunya, ya ɗauki wanda yake hannunsa tun dā. A gabanmu kowa ya rubuta sunansa a ƙarƙashin maɗauri. Ɗan'uwan nan mai fushi shi ya ba da aron alƙalami.